GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA: MANUFOFIN RAYA ƘASA DA MAKOMAR KARAYE DA ROGO



Gabatarwa

Tun daga zamanin En'e har ya zuwa yau, da wuya a sami kalmar da ta fi yawa a bakin mahukunta kamar "raya ƙasa". Kowace gwamnati da ita take shigowa, kowane kasafin kuɗi da ita yake buɗewa. Amma idan aka tashi auna ta, sai a riƙa lissafin abin da aka gina da kuɗin da aka kashe, a manta da tambayar da ta fi kowace muhimmanci, watau me ya saura a hannun mutanen wurin bayan an gama aikin?

Wannan lacca za ta bi sawun wannan tambaya a yanki guda, watau ƙasar Karaye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano, za ta kuma ɗauki Kwanyawa, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Karaye, a matsayin mudun awo. Abin da za a nuna shi ne, cikin shekaru fiye da ɗari, manufofin gwamnati sun ɗauki wannan yanki tamkar rijiya ce da ake zuwa a ɗiba a tafi. Da fari an ɗebi gyaɗa da auduga, daga baya aka ɗebi ruwa, yanzu kuwa samarinsa ake ɗiba. Muddin ba a sauya wannan tunani ba, kowane sabon shiri zai bi sawun na bayansa.

Ƙasar da Mutanenta

Karaye tsohon gari ne mai tarihi. A zamanin da Kano da Katsina suke gwabzawa, ita ce garkuwar Kano ta fuskar yamma, har ma tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Muhammadu Zaki ya koma can da zama domin tsare wannan iyaka, a can kuma Allah ya yi masa rasuwa. Rogo kuwa ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna, kasuwanninta suna cuɗanya da na ƙasar Malumfashi da na Maƙarfi. A ƙidayar 2006, mutanen Karaye sun haura dubu 140, na Rogo kuwa sun haura dubu 220.

Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarsa kuma tana karɓar dawa da masara da gyaɗa da auduga, fadamunsa suna ba da rake da shinkafa da kayan miya. Kogin Challawa ya ratsa ta cikinsa. A taƙaice dai, ba talaucin ƙasa ne yake damun manomin Kwanyawa ba. Saboda haka tilas a nemi dalilin halin da yake ciki a wani wurin dabam, watau a cikin shawarwarin da aka yi ta yankewa a kansa a Kano da Kaduna da Ikko da Abuja.

Zamanin Gyaɗa da Auduga

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa a gaba, domin masaƙun ƙasar Ingila, amma manoman Kano suka lura gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi tsanani. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Haraji da ake karɓa da tsabar kuɗi shi ya ƙara tura kowane magidanci ga shuka abin sayarwa. Yammacin Kano ya shiga sha'anin ta fuska biyu: gyaɗarsa ta nufi Kano, audugarsa kuma ta nufi injinan gurza.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa hukumomin ciniki, ta gyaɗa da ta auduga a 1949, sa'an nan a 1954 aka mayar da su ƙarƙashin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Hujjar da aka bayar ita ce a kare manomi daga hawa da saukar farashi: a riƙe wani abu a shekarar tsada, a mayar masa a shekarar araha. A aikace kuwa sai riƙon ya fi mayarwa. Wani masanin tattalin arziki na ƙasar Kanada, Gerald Helleiner, wanda ya yi bincike a Nijeriya a farkon shekarun 1960, ya lissafa cewa tsakanin 1947 da farkon shekarun 1960, abin da aka cire wa manomin gyaɗa ta hanyar harajin fitar da kaya da rarar hukumar ciniki ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihunsa. Watau a kowane buhu huɗu, guda na hukuma ne.

Ba za a ce kuɗin nan duka sun salwanta ba. Da su aka yi manyan ayyuka a Arewa, aka gina makarantu da masana'antu. Amma a ina aka gina su? Dalar gyaɗa a birnin Kano aka tara ta. Injinan matsar mai a Bompai suke, masaƙu kuma a Kaduna da Kano. Ƙauyen da ya noma gyaɗar, rabonsa ɗan kamasho da ma'auni da hanyar da jaki yake bi. Da fari ya auka daga 1972 zuwa 1974, kuturtar gyaɗa kuma ta biyo baya a 1975 ta lalata kimanin kadada dubu 700 a Arewa, sai dalar ta ɓace. Manomin bai sami wani rumbu da zai koma gare shi ba, domin rarar shekaru talatin ba a ƙauyensa aka ajiye ta ba. A 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka soke hukumomin ciniki baki ɗaya. Manomi ya huta da mai tatsarsa, amma kuma ya rasa mai ba shi iri da tabbacin kasuwa a lokaci guda.

Akwai wani sauyi da ya auku a wannan zamani wanda ba a cika kula da shi ba. Daga 1973 kuɗin man fetur suka zama su ne jigon baitulmali. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa kuma suka yi murna, sun kuwa cancanci yin ta. Sai dai daga lokacin da gwamnati ta daina dogara da gumin manomi, ta koma jiran kason wata-wata daga tarayya, arzikin manomin da tsiyarsa suka daina shafar asusunta. A da ana tatsar saniya, saboda haka tilas a kula da lafiyarta ko da kaɗan ne. Da aka sami nono a wani wuri, sai aka sake ta ta yi kiwon kanta.

Zamanin Madatsun Ruwa

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya ɗauki sha'anin ruwa da muhimmancin gaske. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda da wasu da dama, aka kammala babbar madatsar Tiga a 1974. Daga Tiga aka ja babban magudani zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda aka tsara shayar da kimanin kadada dubu 22 a kashin farko na aikin. Duk wanda ya ratsa hanyar Zariya da rani ya ga shinkafa da tumatir da alkama kore shar, ya san aikin nan ya sauya rayuwar wannan yanki. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are, wadda manyan madatsun suka koma hannunta.

Rabon Karaye ya zo daga baya. Tsakanin 1990 da 1992 aka gina madatsar Challawa, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayinta mita 42, tsawonta kusan kilomita 8, tana iya riƙe ruwan da ya haura lita biliyan 900, tafkinta kuma ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 100. A duk jihar, Tiga ce kaɗai ta fi ta.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. Wace ƙasa ce ruwan ya cinye? Ƙasar kwari ce, fadamar bakin kogi, wadda ita ce mafi daraja a wurin manomi da makiyayi. An tashi ƙauyuka, an mayar da mutane tudu. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta gini ce da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Mutumin da ya gaji fadama kaka da kakanni, kuɗin amfanin da yake kanta a wannan shekarar aka ba shi. Abin da ya faru a Bakalori ta ƙasar Sakkwato a watan Afrilu na 1980, inda aka kashe manoman da suka tashi neman haƙƙinsu, ya isa ya nuna nauyin wannan al'amari.

To, su wa ruwan ya amfana? Sha'anin ruwa, gangare yake bi. Mai gona a ƙasa da madatsa, magudani kawai za a haƙa masa ruwa ya zo da ƙafarsa. Mai gona a gefen tafki ko a bayansa kuwa, gonarsa ta fi ruwan tudu, sai da inji, inji kuma sai da mai. Lokacin da aka kammala madatsar Challawa ba a haɗa ta da manyan magudanai irin na Kadawa ba. Aikinta na farko shi ne ta riƙe ruwan damina, ta sake shi da rani cikin kogi, ya gangara zuwa matatun ruwan birnin Kano da ke wajen Fanshekara, ya wuce zuwa gonakin rani na kwarin Haɗeja. Haƙiƙa an sami kamun kifi a tafkin, an sami masu noman rani da ƙananan injina a bakinsa. Amma idan aka ɗora wannan a kan ma'auni tare da lita biliyan 900, sai a ga ma'anar karin maganar nan ta Hausawa: ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mutanen ƙasa da kogin su ma suna da nasu kuka. Madatsun Tiga da Challawa su ne suke riƙe da mafi yawan ruwan da yake malala fadamun Haɗeja da Nguru. Ambaliyar shekara-shekara da take kawo taki da kifi da ciyawa ta ragu, ruwan da yake gudana ba yankewa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka fitar a 1991 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwa idan aka bar shi ya malala fadamun ya ninka wanda ake samu daga gare shi a babban aikin noman rani. Saboda haka na sama ya rasa fadama, na ƙasa ya rasa ambaliya, riba ta taru a tsakiya.

Darasi daga Wani Lardi na Kanada

Kada a ɗauka wannan cuta ta ƙasashe matalauta ce kaɗai. A ƙasar Kanada akwai lardin Saskacewan, ƙasar alkama mai ƙarancin ruwan sama, wadda fari ya ɗaiɗaita a shekarun 1930. Su ma madatsa suka ga ita ce magani. Daga 1959 zuwa 1967 aka gina madatsar Gardiner, aka sami tafkin Diefenbaker, da burin shayar da ɗimbin gonaki. Madatsa ta tsaya, ruwa ya taru, amma magudanai suka yi nawa, har aka dakatar da wani sashe nasu a farkon shekarun 1970. Sai a 2020, bayan shekaru 53, gwamnatin lardin ta ba da sanarwar wani shiri na dalar Kanada biliyan 4 domin shayar da eka dubu 500. Darasi na farko ke nan: gina madatsa ya fi kai ruwa gona sauƙi, domin madatsa kwangila ɗaya ce da bikin buɗewa ɗaya, magudani kuwa hidima ce ta kullum da ba ta da biki.

Darasi na biyu ya fi wannan amfani. Abin da ya ɗaga manomin Saskacewan ya riga madatsar zuwa. A 1924 manoman lardin suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama kai ta sayar da alkama, suka mallaki rumbunansu a tashoshin jirgin ƙasa, suka rage ƙarfin dillalai. A 1949 gwamnatin Tommy Douglas ta yi dokar kai wutar lantarki karkara, a shekarun 1950 kuma aka shimfiɗa hanyoyin mota tsakanin gonaki da kasuwanni. Bugu da ƙari, tun 1957 gwamnatin tarayyar Kanada take ba lardunan da ba su da ƙarfi wani kaso na musamman, domin ɗan ƙasa ya sami makaranta da asibiti masu kama da juna ko ina yake zaune, an kuma shigar da wannan ƙa'ida cikin tsarin mulki a 1982. Bambancin a fili yake. Can manomi ne ya mallaki hukumar cinikinsa, nan kuwa hukumar ciniki ce ta mallaki manomi.

Zamanin Rarraba Hukumomi

Amsa ta uku da manufofin gwamnati suka ba karkara ita ce ta mulki. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka yi ta yanka ƙasa ana ƙara hedkwata, har Jihar Kano ta kai ƙananan hukumomi 44, Rogo ta sami tata dabam da ta Karaye. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, a watan Yuli na shekarar kuma aka kafa Masarautar Karaye mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Karaye da Rogo.

Ba nufin wannan lacca ba ne ta shiga gardamar sarauta. Abin lura kawai shi ne, a kowane karo an gaya wa jama'a cewa kusantar da hukuma zai kawo ci gaba. Kusantar hukuma tana da amfani, amma sakatariya ba ta sarrafa rake, fada ba ta ɗaga ruwa zuwa tudu. Shekara da shekaru kuma kuɗin ƙananan hukumomi suna bi ta asusun haɗin gwiwa da yake hannun jiha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan su kai tsaye. Hukumar da ba ta riƙe da kuɗinta, sunan hukuma kawai gare ta.

Haka nan shirye-shiryen noma suka yi ta zuwa suna wucewa: Ciyar da Ƙasa a 1976, Juyin Noma a 1980, hukumar KNARDA da rancen Bankin Duniya a farkon shekarun 1980. An sami rijiyoyin burtsatse da malaman gona da taki mai rahusa, kuma ba za a raina wannan ba. Sai dai dukansu a kan yawan abin da za a noma suka mayar da hankali. Ba su tambayi inda za a sarrafa shi da wanda zai ci ribar sarrafawar ba. Shi ya sa har yanzu da kaka ta yi buhuna suke fita da araha zuwa Dawanau, da rani ya yi kuma samari su bi bayansu zuwa ci-rani.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, a kammala abin da aka fara. A zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin samar da wutar lantarki a Tiga da Challawa. Kamata ya yi doka ta tanadi cewa kason farko na kowace wutar da aka samu daga Challawa na injinan ɗaga ruwa ne da ƙananan masana'antun Karaye da Rogo, sa'an nan saura ya wuce birni. Injinan da suke aiki da hasken rana, waɗanda farashinsu ya sauko ƙwarai, za su iya cike giɓin a gonakin da suke nesa da waya.

Na biyu, a ba yankin da ya ba da ƙasarsa haƙƙi a rubuce. Tsarin mulkin 1999 ya amince da kashi 13 cikin ɗari ga jihohin da ake haƙo arziki a cikinsu, an kuma yi dokar kafa hukuma ta musamman a 2010 domin al'ummomin da suke kewaye da manyan madatsun lantarki irin su Kainji da Shiroro. Ƙa'idar ɗaya ce. Idan birni yana shan ruwan da aka tara a kan gonakin wasu, wajibi ne a ware wani kaso na kuɗin ruwan ya koma ga masu gonakin.

Na uku, a sarrafa amfani a inda aka noma shi. Rake ya zama mazarƙwaila da sukari a Rogo, gyaɗa ta zama mai da ƙuliƙuli a Karaye, shinkafa a casa ta a nan, dusa da harawa su saura wa dabbobin yankin. Wannan yana bukatar hanyoyin karkara da mota za ta bi da damina, da rumbunan ajiya waɗanda ƙungiyoyin manoma ne da kansu suka mallake su, domin kada a tilasta wa kowa sayarwa ranar da kasuwa ta faɗi. Matan da suka riƙe sana'ar man gyaɗa tun fil azal su ne suka fi cancanta a fara da su.

Na huɗu, a tsara jadawalin sakin ruwa tare da wakilan na sama da na ƙasa, daga Karaye har Nguru, a kuma dasa itatuwa a bakin tafki da rafukan da suke shiga cikinsa, domin yashi da laka su ne ajalin kowace madatsa.

Na biyar, kowace ƙaramar hukuma ta riƙa liƙa lissafin abin da ta samu da abin da ta kashe, mazaɓa mazaɓa, cikin harshen Hausa, a inda jama'a za su gani. Ranar da mutumin Kwanyawa zai iya karanta nawa aka kashe da sunansa, ranar ce zai tashi daga mai roƙo ya zama mai bin bashi.

Kammalawa

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. A Karaye da Rogo an riga an tona, ruwan ma ya taru har ya yi tafki. Abin da ya rage shawara ce, shawara kuwa mutane ne suke yanke ta, su ne kuma za su iya sauya ta. A nan ne nauyi ya hau kan jami'a. Ɗaliban tattalin arziki da na labarin ƙasa da na aikin gona suna da aiki a gabansu: su je su ƙirga kadada nawa ake shayarwa a bakin Challawa, buhu nawa yake fita daga kasuwannin Rogo da kaka da farashinsa, nawa kuma yake dawowa da bazara da nasa farashin, iyalai nawa aka tasa da inda suke a yau. Da irin wannan lissafi ne za a iya tsayawa gaban kowace gwamnati, ta kowace jam'iyya, a tambaye ta abin da shirinta zai bari a Kwanyawa bayan 'yan kwangila sun naɗe kayansu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya ba shugabanni ikon yin adalci.